Ɗakin da Aka Hana Magana

Rediyo suke ce mini a wurin aiki, kuma ban taɓa yin fushi ba, don ni ma na san bakina ba ya hutawa. Amma a ce wai bakin nan nawa shi ne ya lalata aikin da aka yanka cinyar yarinya dominsa, wannan kam har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ɗakin gwajinmu yana hawa na biyu, a ƙarshen wani dogon baranda mai benci ɗaya tal, shi ma ƙafarsa guda ba ta taɓa ƙasa. Aikinmu shi ne mu ciro DNA da RNA daga jini ko tsoka ko duk abin da likitoci suka aiko, mu tace, mu tsarkake, mu miƙa wa masu karantawa, wato waɗanda ke fitar da bayanan da ke cikinsu da na'ura. Mu biyu ne a kan teburin, ni da Anti Ƙanƙara. A gabanta Anti kawai muke cewa. Sunan ya samo asali ne daga bokitin ƙanƙarar da ba ta rabuwa da shi, ko da yake waɗanda suka taɓa gaishe ta kafin ta sha shayin safe suna da wani bayanin daban. Ta girme ni a shekaru, ta girme ni a aiki, kuma ita ta koya mini riƙon fifet, ɗan abin nan da muke zuƙar ruwa da shi ɗigo-ɗigo. Hannu gare ta, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba.

DNA ba ya ba mu wahala. Mai haƙuri ne, ko ka manta shi a kan tebur ka tafi cin abinci za ka dawo ka same shi yana jiranka. RNA kuwa ɗan lele ne. Zafi kaɗan ya lalace. Sannan akwai wani sinadari da ke cinye shi, yana jikin fatar mutum, yana cikin gumi da yawu, yana kan ƙurar da ke yawo a ɗaki. Yana da sunansa na boko, amma mu a ɗakinmu gara muke ce masa, don ba ka ganin shigarsa sai dai ka ga ɓarnar.

Yarinyar 'yar wani kafinta ce, Auta yake kiranta, ba ta wuce shekara bakwai ba. Ƙafafunta ne suke ta mutuwa a hankali. In ta zauna a ƙasa sai ta dafa gwiwa, ta yi ta hawan jikinta da hannu kafin ta miƙe. An duba DNA ɗinta an ga wani wuri da ake zargi, amma likitanta ya ce ba zai san ko wurin ne mai laifin ba, balle ya san maganin da zai gwada, sai an ga RNA daga cikin tsokar kanta. Shi ya sa aka kwantar da ita aka yanko ɗan nama daga cinyarta ta hagu. Abin da ya iso hannunmu a cikin ƙanƙara bai kai ƙwayar wake ba. Anti ta raba shi uku ta jefa cikin firiza.

Ba dole ba ne iyaye su zo wurinmu, sakamako ta hannun likita yake bi. Amma kafintan nan ya hawo bene da 'yarsa a goye, ya zauna a bencinmu, ya ji yana rawa, ya sunkuya ya duba ƙafar ya girgiza kai. Ni na fita wurinsa, don in an bar wa Anti sai ta sallame shi da kalma biyu.

"Likita, don Allah ina da tambaya," in ji shi. Duk wanda ya sa farar riga a ginin nan likita ne a wurinsu, na gaji da gyarawa. "An ce an riga an duba wancan ɗin. To wannan kuma mene ne da sai an yanka ta?"

"Malam, in za ka yi kujera ai kana da zanenta a ajiye ko? To DNA ke nan. Amma ranar aiki sai ka ɗauki fensir ka yi alama a jikin katako inda za ka yanka. RNA ke nan. An duba zanen an ga wani layi ya ɗan karkace. Yanzu so ake a ga ko karkacewar ta bi har jikin katakon."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Alamar fensir kuwa ba ta jimawa. Hannu ya goga ta tafi."

"Ka gama fahimtar aikinmu ke nan. Sai mu ba ka farar riga."

Ya yi dariya kaɗan, sannan fuskarsa ta koma yadda take. Ya rage murya don kada yarinyar ta ji. "Ta sha wuya, Likita. Ciwon ya ƙi warkewa da wuri, sai da ya yi ruwa. Uwarta ko kallon wurin ba ta iya yi, ni nake wanke mata. Na ce mata daga wannan an gama, ba mai ƙara taɓa ta da wuƙa. Abin da aka ɗiba zai isa ko?"

"Zai isa har ya yi saura," na ce. Kuma ba cika baki na yi ba, gutsure uku ai wadata ne a hannun Anti.

Ga yadda aikin yake. Za ka sa gutsuren a ƙaramin turmi, ka kwarara masa ruwan naitirojin, wani ruwa mai tsananin sanyi da ke hayaƙi, ya daskare ƙam, ka daka shi ya zama gari. Ka zuba masa ruwan da ke narkar da shi. Daga nan sai ka juye a cikin wata 'yar rariya da ba ta kai girman ƙaramin yatsa ba, wadda ke zaune a bakin ɗan bututu. Ka sa su a injin juyi. RNA zai maƙale a jikin rariyar, datti ya wuce ƙasa cikin bututun. Ka ɗaga rariyar, ka zubar da na ƙasa. Ka zuba ruwan wanki, ka juya, ka ɗaga, ka zubar. Ka sake, ka kuma sakewa. Sai a ƙarshe abin ya juye: ka ɗora rariyar a kan sabon bututu, ka ɗiga mata tsarkakakken ruwa 'yan ɗigo, ka juya, RNA ya saki rariyar ya bi ruwan ya sauka. A wannan karon na ƙasan shi ne dukiyar, rariyar ce abin yarwa. Da ido ba ka ganin komai, ruwa ne fari kamar kowane ruwa.

Gutsuren farko mun yi shi da safe, ina gefenta ina miƙa mata kaya ina ba ta labarin surukina da ya sayi tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an tura. Da takunkumina a baki, da safar hannuna, kamar kullum. Da rana muka gwada abin da ya fito a kan jel, wani ɗan faranti mai kama da daskararren kamu da muke sa wa lantarki. RNA mai lafiya yana fitowa da layi biyu tsaf. Namu ya fito kamar an ja yatsa a kan ɗanyen fenti.

Anti ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta juyo ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Gara ta ci," ta ce.

"Ta ci kam. Ko daga ina ta shigo?"

"Kai kake tambayata? Tun da muka fara bakinka bai rufu ba. Mota, suruki, turi. Kana tsaye a kan buɗaɗɗen bututu kana yi masa ruwan yawu."

"Haba Anti, da takunkumi fa."

"Takunkumin da ke rawa kamar tuta? Daga yau ba magana a ɗakin nan in ana aikin RNA. Ko kalma ɗaya. In gobara ce ta tashi, ka nuna mini da yatsa."

Na ɗauka wasa take yi. Washegari na tarar ta manna takarda a ƙofa da manyan baƙaƙe, ta wanke tebur da sifirit har fentinsa ya fara tashi, ta gasa turmi, ta canza kowane fifet. Ni kuma ta mayar da ni bayan wani layi da ta ja da farin tef a ƙasa, daga can nake miƙo kaya. Na ce mata mu fara gwadawa da naman ɓeran gwaji kafin mu taɓa gutsure na biyu, mu tabbatar an toshe ƙofar da ɓarawon ya bi. Ta ce ta san ɓarawon, ta san ƙofar, kuma ta toshe. Tana faɗa tana kallon bakina.

Haka muka yi gutsure na biyu, shiru kamar gidan makoki. Ba ka jin komai sai kukan firiza da na injin juyi. Ni da ban taɓa yin minti biyar ban ce uffan ba, na ji maganganu suna taruwa a ƙirjina har numfashi yana yi mini wuya. Da rana muka sa a jel. Ya sake fitowa a jagwalgwale, babu layi ko ɗaya.

Wallahi ban ji daɗi ba, don na tuna cinyar yarinyar nan. Amma zan yi ƙarya in na ce wani ɗan wuri a zuciyata bai yi sanyi ba. Na jira ta juyo ta ce wani abu. Ba ta juyo ba, ta cire safar hannu ta jefa a kwandon shara ta fita baranda.

Farfesa, shugaban sashenmu, ya shigo da yamma da hannu a aljihu. Mutum ne da rabonsa da riƙe fifet tun ina makarantar sakandare, amma ba ya rasa shawara.

"Ina ji an samu matsala. Likitan yarinyar ya kira ni. Kun tabbata kuna sa safar hannu?"

Na ga jijiyar wuyan Anti ta tashi. "Muna sawa, ranka ya daɗe."

"To a kula dai. Saura nawa?"

"Ɗaya."

"To a kula sosai," ya ce, ya fita yana ganin ya yi aiki.

A gida mai ɗakina ce ta biya kuɗin sabulun da ba ita ta yi wanka da shi ba. Duk maganar da na haɗiye a wurin aiki sai na sauke mata tun daga bakin ƙofa, ina cire takalmi ina bayani, ina wanke hannu ina bayani. Ta saurara har ta gaji, ta ajiye ludayi ta ce, "Baban yara, don Allah wannan Antin taku ba ta da sauran takardar nan? A kawo mini ɗaya in manna a kicin." Yaran suka fashe da dariya. Ni ban yi ba, na ce mata ba ta san zafin a ɗora wa mutum laifin da bai yi ba. Ta ce ta sani mana, ai aure take yi.

A wannan karon Anti ta yarda aka kawo naman ɓera. Muka raba shi, muka yi ta gwaji ana canza abu ɗaya-ɗaya: wannan da tsohon ruwan wanki, wancan da sabo, wannan da tsohon turmi, wancan da wani. Ya cinye mana kwanaki, duk a cikin shiru. Ana cikin haka kafinta ya sake zuwa, shi kaɗai, da guduma da ɗan katako a leda. Ya gyara ƙafar bencin, sannan ya zauna a kai ya tambaye ni labari. Na ce masa aikin yana tafiya, RNA ba ya son gaggawa. Ya ce haka ne, gam ma ba ya son gaggawa. Na koma ciki ina jin kunyar farar rigata.

A ƙarshe ɓarawon ya fito. Tsarkakakken ruwan nan ne na matakin ƙarshe. Duk bututun da aka yi da tsohuwar kwalba ya lalace, wanda aka yi da sabuwa ya fito da layinsa biyu kamar an zana da rula. Da aka bincika, ashe wani ɗalibin Farfesa mai neman digiri na biyu ne ya shigo ranar da ba ma nan, ruwansa ya ƙare, ya tsoma fifet ɗinsa a cikin kwalbarmu, ya rufe ya mayar inda take. Bai ma san ya yi wani abu ba, da aka tambaye shi cewa ya yi ai kaɗan ya ɗiba.

Na gyara tsayuwa, na gyara murya, na jira haƙƙina.

"To Anti, tunda an gano ruwa ne, ina ganin takardar nan ta ƙofa..."

"Tana nan."

"Amma ai ba bakina ba ne."

"Wannan karon ba shi ba ne. Yawu dai yana da gara ko ba shi da ita?"

"Yana da ita, amma shekara nawa muna..."

"To magana ta ƙare. Gutsure ɗaya ya rage mini, Rediyo. Ɗaya. Ba zan yi caca da shi don kai ka ji daɗin bakinka ba. Gobe ko tari ne ya zo maka ka haɗiye. Ka yi mini magana a kan bututun nan, wallahi sai dai ɗayanmu ya bar ɗakin nan."

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ita ce ta ƙi gwajin ɓera tun farko, ita ta ƙone gutsure na biyu a kan zargi, amma ni ne har yanzu a bayan farin tef. Ko "yi haƙuri" ban samu ba. Na haɗiye, don na lura idanunta sun faɗa, kuma na ga yadda take buɗe firiza ta tsaya kallon ɗan gutsuren nan ta sake rufewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Na fahimce ta, amma fahimtar ba ta rage mini haushi ba.

Ranar aikin gutsure na ƙarshe na riga ta zuwa, ita kuma ta shigo ko shayi ba ta sha ba. Ta kulle ƙofa da makulli don kada wani ɗalibi ya faɗo. Sabuwar kwalbar ruwa, sabon turmi, sabon komai. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin na ranar ba. Ta daka, ta narkar, ta juye a rariya. Inji ya juya, ta ɗaga ta zubar. Wanki, juyi, ɗagawa, zubarwa. Hannunta yana tafiya shi kaɗai, ba ya kuskure ko na gashi guda, don kwanakin nan na ɓera ta yi wannan motsin har ba ya ƙirguwa. Ni ina bayan layina ina miƙa abin da ta nuna da ido.

Akwai wani abu game da injinmu. Ya tsufa, kuma in ka sa masa bututu mai murfi sai ya karya murfin ya watsa. Saboda haka a mataki na ƙarshe ma bututu mara murfi muke sawa, sabo fil, daga baya a juye a mai murfi. Sabo ne, amma kamarsa ɗaya da waɗanda ake zubar da ruwan wanki daga cikinsu.

Ta ɗora rariyar a kan sabon bututun. Ta ɗiga tsarkakakken ruwa a tsakiyarta, a hankali, ta jira ya jiƙa. Ta sa a inji. Muka tsaya muna sauraron kukansa yana hawa, yana sauka, ya tsaya. Na ji ta sauke ajiyar zuciya a bayan takunkumi, kafaɗunta suka sauko. An gama ke nan, abin da aka yanka yarinya dominsa yana cikin 'yan ɗigon nan.

Ta buɗe inji ta ɗauko. Hannun hagu ya ɗaga rariyar. Hannun dama kuma, maimakon ya nufi bokitin ƙanƙara, sai na ga ya nufi kwalbar shara.

Na ce, "Mm! Mm!" ina nuni da yatsa, kamar yadda aka umarce ni in yi ko da gobara ce. Ta jefo mini harara ta gefen ido, irin ta "na gaya maka", hannun kuwa bai tsaya ba. Na tsallake tef ɗin na kwatsa ihu, "Anti, na ƙarshe ne!"

Kafin kalmar ta gama fita ta riga ta kifa shi. Har da ɗan bugun nan biyu da take yi a bakin kwalbar don kada ɗigo ya rage.

Ta tsaya. Ta kalli bututun da ba komai a cikinsa, ta kalli rariyar da take riƙe da ita da kulawa a hannun hagu, ta kalli kwalbar sharar da ta cika da dattin naman ɓera na kwana da kwanaki. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba, ko da yake rabinta a rufe take.

"Me na yi?" ta ce a hankali. "Rediyo, me na yi?"

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ranar na ga ya ɗaure gwana. Haushi ya cika ni har wuya, na rasa wanda zan sauke wa: ita, ko injin da ke karya murfi, ko ɗalibin da ya ɗiba kaɗan, ko takardar ƙofa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Da an bar ni da bakina kamar kullum, ai tun injin yana juyawa zan ce mata saura a juye a mai murfi mu je mu sha shayi, don ni ba abin da ke wucewa ban yi sharhi a kansa ba. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na ga har yanzu tana riƙe da rariyar, na fasa.

"Kada ki ajiye rariyar," na ce. "Sake ɗiga mata ruwa. Wani lokaci ana samun saura."

Ta sani sarai, ita ta koya mini, amma sai da na faɗa ta motsa. Muka ɗan ɗumama ruwan, ta ɗiga, muka jira fiye da yadda aka saba. Wannan karon ni na ciro bututun daga inji na dasa shi cikin ƙanƙara da hannuna. Muka ɗauki ɗigo guda muka ɗora a na'urar awo. Akwai RNA, kuma mai tsabta ne, mafi tsabtar da muka taɓa fitarwa daga tsokar nan. Sai dai bai kai ko rabin rabin abin da masu karantawa suke buƙata ba. Muka sake matsar rariyar, na biyun ruwa ne zalla.

Farfesa ya kira waɗanda za su karanta, ya roƙe su, suka ce ba zai yiwu ba, ko sun karɓa ba za su amince da abin da zai fito ba. Ya ajiye waya ya share goshi.

"To, sai a rubuta cewa naman da aka aiko bai wadatar ba. Ana samun haka. Likita ya sake ɗibar wani."

"Ya wadatar, ranka ya daɗe," in ji Anti. "Uku na raba shi."

"Na sani, amma ba sai an..."

"In aka rubuta haka, likitan zai ce wancan karon ya yi ƙanƙanta, ya yanko wanda ya fi shi girma. Kaɗan nake buƙata. A rubuta abin da ya faru."

Farfesa ya ɗaga kafaɗa ya ce ita ta sani. Na yi niyyar in ci gaba da jin haushinta har ƙarshen wata, sai ga shi ta hana ni ko wannan.

Washegari da hantsi kafinta ya hawo da Auta a bayansa, sun fito daga wurin gashin ƙafa suka biyo. Ya sauke ta a benci, ya gyara mata zama, ya miƙe yana murmushi da ya gan mu mun fito mu biyu. Na matsa gaba don in fara shimfiɗa, in bi ta nan in bi ta can kamar yadda na iya. Anti ta riƙe mini hannun riga.

"Malam, aikin bai yiwu ba," ta ce. "Biyu sun lalace saboda ruwanmu ya gurɓata. Na ukun ya yi kyau, ni na zubar da shi da hannuna bisa kuskure. Ba laifin likita ba ne, ba laifin naman ba ne. Ka yi haƙuri."

Ya kalle ta, ya kalle ni. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, kamar ya manta da shi a wurin.

"Kika zubar," ya ce.

"Na zubar."

"To ba a iya kwashewa? In a ƙasa ne ai..."

"Ba a iyawa."

Ya shafa kansa, ya sake shafawa. Na so ya yi faɗa, ya zage mu, ya ce zai kai ƙara, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya rage murya kamar wancan karon ya ce, "Ke nan sai an sake?"

"Sai an sake, in kun yarda. Ƙarami ya isa. Zan gaya wa likitan da kaina."

Ya juya baya ga bencin don kada 'yar ta ga fuskarsa. Amma barandar ba ta da faɗi, kuma yaron da ya daɗe yana zirga-zirgar asibiti ba a yi masa raɗa. Auta tana zaune tana wasa da bakin rigarta, ta ɗago kai.

"Baba."

"Na'am, Auta."

"Ka ce musu su sake yankan wannan ɗin." Ta dafa cinyarta ta hagu, inda tabon yake. "Ɗayar da ita nake tashi."

Kafinta ya matso kusa da bencin. Ya durƙusa ya juya mata baya, ta rungumo wuyansa, ya miƙe da ita. Sai da ya kai bakin bene ya tsaya, bai waiwayo ba, ya tambaya wace rana za su zo.